Goggo Jummai Tana Ƙarƙashin Wurin Wankin Mota

Bana shekara hamsin ke nan da rasuwar Goggo Jummai, ƙanwar mahaifinmu, kuma da ɓacin rai nake wannan rubutu. Yayana Bawa ne ya ja, shi da ya fi kowa sanin abin da ya aikata.

A ƙauyenmu na gefen Bwari, tun ba a yi mafarkin Abuja ba, idan an gama yankan dawa sai gari ya kwashe zuwa makabarta. Maza su nome ciyawa, mata su sauko da tukwanen tuwo daga kafaɗa, Fulanin ruga su kawo nono. Mai sallah da mai zuwa coci da mai bin na gargajiya duk a inuwa ɗaya suke zama. Sai Goggo ta miƙe ta riƙa kiran mamata ɗaya bayan ɗaya, 'yan gidan mamacin su amsa, "Muna nan." Ba ta taɓa tsallake ko jaririn da bai kai suna ba, sai ta kira shi da sunan uwarsa. Daga nan a ci, a buga ganga, a yi dariyar rowar wane da masifar wance.

Tana rasuwa Yaya Bawa ya dawo daga makaranta a Kaduna da takalmi sau-ciki, ya ce wannan ƙauyanci ne, mai hankali ba ya cin tuwo a kan kabari. Ya yi ta zuga samari har taron ya mutu. Da birni ya matso kuma, shi ya tsaya a gaba aka sayar da filin makabartar. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma mun yi shiru. Amma shi ya karɓi kuɗin ya sa hannu.

To, watan jiya na je gaishe shi na tarar da jikarsa tana nuna masa mutanen Meziko a waya. Sun cika makabarta da furanni ruwan ɗorawa, sun kunna kyandir, suna cin abinci da kiɗa kusa da iyayensu. Tsohon nan har da gyaɗa kai.

"Talatu, kin ga mutanen da suka san darajar iyaye," in ji shi. "Ki kai mu wurin Goggo, yarinyar nan tana son ta ajiye fure."

Da Goggo na raye da tafa hannu za ta yi ta ce, "Oho, sai da Bature ya ci tuwon sannan ya yi daɗi?" Ita kowa na ƙetaren teku Bature ne.

Na kai su. Na sa direba ya tsaya a wani wurin wankin mota da ke bakin titi, inda ruwan kumfa ke gangarawa kwata. Na ce, "Yaya, ga ta nan. Baba yana wajen famfon can."

Abin da ya rage na Goggo shi ne sunayen da ke kaina, kuma ni ma na fara mantuwa. Yarinyar dai ta tsaya riƙe da furenta tana neman inda babu ruwa. Wani mai wanki ya ɗaga tiyo ya ce wa Yaya, "Oga, matsa kaɗan, za ka jiƙe."