Akushin da ya tsage ba wuta

Ku matso, jikoki, ku aje wayoyin nan ku ba ni kunnenku.

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, ni da jikata mai karatun jami'a, akushina a ƙunshe cikin zane bisa cinyata. Shi ne sanadin tafiyar. Kakanku, Allah ya jiƙan shi, masassaƙi ne a Illela, kuma shekarar da Turawa suka miƙa mulki ya sassaƙa mini shi da icen danya. Tun ranar ban ci tuwo cikin wani abu ba.

Yarinyar nan ta jiƙa shi cikin ruwa yini guda, wai ya fita fes, sannan ta zuba tuwo ta sa cikin akwatin lantarkin nan na ɗumama abinci. Sai muka ji ƙas! Ya tsage daga baki har gindi. Kwana uku ban yi mata magana ba.

Hanya ta yi kyau, sai dai shingayen masu kaki sun fi rijiyoyi yawa. A Kware muka sayi ƙosai, wanda da ake cika maka hannu, yanzu ƙwaya huɗu kamar idon kaza. A Gwadabawa warin albasa ya shigo mota ya zauna tare da mu. Nan jikata ta yi ƙarfin hali.

"Kaka, wallahi babu wuta a akwatin. Wani abu ne kamar wanda ke kawo magana a rediyo, ba a ganin shi. Busasshen ice ratsa shi yake yi, da ƙyar ya ɗumama. In ya iske ruwa ciki sai ya kaɗa shi har ya tafasa, balle icen da ya sha gishirin miya. Tururin ya rasa ƙofa."

Ni kuwa na taɓa jin wannan karatun a bakin wanda bai shiga boko ba.

Muka isa Illela ranar kasuwa, shanu da raƙuma, mutanen Ƙonni ta Nijar suna ciniki da kuɗinsu na sefa. Inuwar da masassaƙa ke zama da can ta zama rumfar robobi. Da tambaya aka kai mu Gidan Katta, wurin wani tsohon gyartai, mai ɗinke ƙwarya da akushi. Ya juya shi, ya shafa zanen wutar da ke gindin.

"Hajiya, wanga hannun na san shi. Wa ya yi mai wanga aiki?"

Jikata ta sunkuyar da kai. Na ce, "Ni ce."

Ban yi ƙarya ba, don ni na fara fasa ɗan'uwansa. Ina amarya, kakanku ya fafe akussa biyu ya binne cikin ƙaiƙayi, ya ce sai sun yi wata uku, don ice da ruwan cikinsa yake, a hankali ake raba su. Ni kuwa ɗoki ya sa na tono guda na jingina bakin murhu. Ya fashe. Da ya dawo bai yi faɗa ba. Ya ƙwanƙwasa ɗaya gutsuren a kunnena ya ce, "Ji, bai gama magana da ruwa ba." Na biyun ne na ci cikinsa har tsufa.

Gyartai ya huda, ya ɗinke da siririyar waya, ya toshe da ƙaro. Jikata ta ce a hankali, "Kaka, mai waya ba a sa shi a akwatin ko kaɗan."

"To, mi? Da can gayyatar shi aka yi?"

Muka yi dariya har tsohon ya tuntsure.

Mun dawo gida kafin magariba. Abin da na riƙo a tafiyar: hannun da ya fasa jiya ba shi da bakin zagin na yau. Gyartai yana can, ya ce ba wanda ya gaje shi. Jikata ta koma makaranta, kuma ita kaɗai na yarda ta wanke shi. Kakanku yana kwance gabas da gari. Ni kuwa ga ni, miya na ɗan zurara ta ɗinkin, ina tarewa da yatsa.