Rakiyar da Na Hana Madugu

Na karanta tarihin dauloli gwargwadon abin da ya iso Dogon Dutsi a bayan jaki, kuma ga abin da na tsinta a ciki: babu wata babbar magana da aka taɓa ƙullawa a zaune. Sarakuna su yi ta taro, malamai su yi ta rubutu, amma duniya a 'yar tazarar nan ta tsakanin ƙofar zaure da bakin hanya ake juya ta, wato wurin rakiya.

A ƙasarmu ta Arewa mai buƙata ba ya faɗinta a kan tabarma. Ya gaishe ka, ya sha ruwa, ya tambayi gida da gona da tumaki, ya miƙe kamar gaisuwar ce kaɗai ta kawo shi. Sai ka taka masa kun rabu da kunnuwan mutane, sannan ya ce, "Af, na manta," ya faɗi abin da ya daɗe yana hana shi barci. In ka ƙi, ba wanda ya ji. In ka yarda, ba wanda ya ga ya roƙa.

Wannan darasi ba ya cikin waɗanda Nasara suka koya mana a lakwal, makarantarsu ta boko. Su cewa suka yi mutum ya fara da muhimmin zance, ya gajarta. Da wannan ilimi na dawo gida sabon malamin makaranta, aka ce in tafi Tibiri in kama aiki. Ina da akwatin ƙarfe cike da littattafai, ba ni da abin ɗaukarsa. Akwai wani madugu, abokin marigayi mahaifina, wanda raƙumansa ke bin hanyar nan ba kaya za su ɗauko gishiri. Na shiga zaurensa da farar hula mai malfa, fatake cike, na ce, "Baba, ina son raƙumi guda ya kai mini akwati Tibiri."

Ya dube ni daga takalmi zuwa malfa, a hankali, kamar mai taya akuya, sannan ya kira ni da laƙabin Faransanci da ake kiran malaman lakwal.

"Lahiya, Mushe? Gobara ta kama?"

"A'a, Baba."

"To, ba mu gama gaisawa ba. Ba mu ma hwara ba." Ya juya ga mutanensa. "Kun gani? An kai shi ya koyo harshen Nasara, ya baro nashi can jingina."

Aka yi dariya har wani ya sarƙe da goro. Na fita, ba wanda ya taka mini. Na yi hayar wani gurgun jaki, wanda da muka iso wani tabki ya ga ya dace ya kwanta a ciki. Ƙamus ɗina har yau shafukansa manne suke daga tsakiya zuwa ƙarshe, don haka akwai kalmomin Faransanci da dama da ban sani ba, kuma madugu ne sanadi.

Na ajiye abin a inda ba ya ruɓewa.

Shekaru suka wuce, aka maido ni Dogon Dutsi, yaƙin Nasara da Jamus ya yi zafi. Kumandan, Nasaran da ke mulkin gari, ya ba da umarni a tara raƙuman gari su yi ta jigilar hatsi, kuma kowa ya san raƙumin da ya shiga wannan aiki ba ya dawowa da tozonsa, in ma ya dawo. Tafinta na kwance ba lafiya, ni nake riƙe masa da safe kafin in shiga aji. Kumandan kuwa yana tsoron ƙazwar raƙuma fiye da yadda yake tsoron Jamus. Duk garken da na raɗa masa cewa ana zarginsa da ƙazwa, sai ya ce a nisanta shi. Gari ya san haka. Madugu ma ya sani.

Ran nan da la'asar sai ga shi a ƙofata da sallama. Ni kuwa na tarbe shi tarbar da ba a yi wa surukin sarki. Na shimfiɗa sabuwar tabarma, na sa aka dama fura, na aika aka kira maƙwabta su zo su ga abokin mahaifina. Na tambaye shi gida, na tambayi gajiya, na tambayi ƙafarsa ta dama, na koma ta hagu. Da ya miƙe ya gyara rawani, sai na nuna masa yatsana ɗaure da tsumma.

"Baba, ka gafarce ni, tuntuɓe na yi. Sauka lafiya."

Ya dubi tsumman ya ce, "Allah shi sawwaƙe." Ya fita shi kaɗai.

Zuwansa na biyu na raka shi, don kada a ce ba ni da tarbiyya. Sai dai na ce wa jama'ar zaure, "Ku taso, babban mutum ba a barinsa ga mutum ɗaya." Muka rako shi da liman, da mahaucin unguwa, da wani gardi, ɗan sandan bariki, wanda kunnensa ya fi bulalarsa tsawo. Madugu na gaba yana gyaran murya, muna biye kamar masu kai gawa.

A zuwa na uku ya yi dabara. Ya jira har masallaci ya kwashe mutane, ya miƙe, ba yadda zan yi sai na bi shi mu biyu. Muna fita ya ce, "Af, ɗana..."

"Baba, ka tuna mini! Ka san ƙasar nan da muke takawa ƙwallo ce?"

"Mi?"

"Kamar goruba take, kuma juyawa take yi."

Na ɗauki goruba a ƙasa na shiga bayani. Na kawo rana, na kawo wata, na bi da husufi. Duk inda ya buɗe baki sai in cusa masa wata tauraruwa. Ban saki numfashi ba sai da muka shiga tsakiyar kasuwa, inda na damƙa shi ga masu gaishe shi, na yi masa sai gobe. A duk shekarun da na yi ina koyarwa ban ba da darasin da ya kai wannan daɗi ba.

Ana gobe za a tara raƙuma ya dawo. Zaurena cike, don na tabbatar da haka. Bai sha furar ba. Ya zauna a bakin tabarma, dattijo da furfurarsa, ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi.

"Mushe, ina da magana. Ta raƙuman nan ta. Akwai abin da ba ka sani ba, in ka taso mu..."

Zaure ya yi tsit. Na bar shirun ya nuna sosai, sannan na gyara zama.

"Lafiya, Baba? Gobara ta kama? Ai ba mu gama gaisawa ba. Ina gajiya?"

Ba a yi dariya ba, abin da ya ɗan rage mini armashi. Ya dube ni, ya ce, "Ba gajiya." Ya laluba takalmansa ya fita.

Washegari a filin bariki kumandan ya nuna garken madugu da sanda ya tambaye ni ko akwai wani zargi a kansu. Na ce ban taɓa ganin raƙuma masu ƙoshin lafiya irinsu ba, kuma gaskiya na faɗa. Aka ɗaura musu buhuna. Kaɗan ne suka dawo, su ma sai mahauta suka karɓe su.

Rabin garken na mahaifiyata ne. Gadonta ne ta ba shi amana daga garinsu Kiyeshe, ta ce kada ya faɗa a gaban kowa. Ni ɗan farinta ne, tun fil azal don kunya ba ta yi mini magana.