Takardar da Sakatariya ta Tura wa Auta

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga wasiƙun mutane a ofishin wani kamfanin sufuri, har sunanta na yanka ya ɓace. Direbobi ne suka fara ce mata Sakatariya, maƙwabta suka ɗauka, daga baya har jikokinta haka suke kiranta in suna neman tsokana. Da tafireta ta fara aiki, wata tsohuwa mai ƙara kamar ana sara itace. Ranar da aka kawo kwamfuta ofis, abokan aikinta maza biyu suka ce su kam sun tsufa da koyon sabon abu. Ita ta jawo kujera ta zauna. Kafin wata ya ƙare ta iya buga takarda, ta adana, ta buɗe imel, ta liƙa fayil ɗin ta tura wa manaja a saman bene, maimakon ta hau matakala da gwiwa mai ciwo.

Ba mai yawan fara'a ba ce. In ta ga kuskure a takarda sai ta zare tabarau ta dubi mai shi, kallon kaɗai ya ishe shi. Manaja ma bai tsira ba, don ya saba rubuta "ga takardar nan" ya tura imel babu komai a ciki. Sai ta ɗaga wayar ofis ta ce, "Ranka ya daɗe, ambulan ya iso, wasiƙar muke jira."

Ƙane ɗaya gare ta, Auta. Shekara goma sha ɗaya ta ba shi, a bayanta ya girma. Ya tafi karatu wata ƙasa mai nisa, ya samu aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, ya yi aure can. Lokacin da mahaifiyarsu ta kwanta ciwon ajali, takardunsa na zama suna hannun hukuma, in ya fito ba lalle a bar shi ya koma wurin matarsa da jaririnsu ba. Bai zo ba. Ranar da aka binne ta ya kira yana kuka. Sakatariya ta ce, "Riƙe kukanka, Auta. An riga an gama." Ta kashe wayar.

Ba su yi gaba ba. Yana kira duk wata, ya tambayi gida da yara da gwiwa, ta ce lafiya lau, shi ke nan. Haka suka yi shekara tara.

Bayan ta yi ritaya, babbar 'yarta ta kawo mata tsohuwar kwamfutarta ta hannu, wai ko za ta rage mata zaman shiru. Kwamfutar tana kan tebur a falo an rufe ta da ƙyalle, har wata safiya da Auta ya kira. Sun gama gaisuwar da suka saba, amma bai yi sallama ba.

"Yaya," ya ce, "Mama ta yi maganata kuwa?"

"Layin ba kyau," in ji ta. "Sai an jima."

Layin lafiyarsa ƙalau. Ta daɗe zaune da wayar a cinya, sannan ta tashi ta yaye ƙyallen.

Kwana huɗu tana bugawa, daga an karya kumallo har azahar. Ta rubuta ƙofar gidansu mai ruwan toka, ɗakin da Mama ta yi jinya, gadon ƙarfe da aka matsar kusa da taga, rediyon da ba ta yarda a kashe ko tana barci, da yadda take ɓoye ƙwayar magani a ƙarƙashin harshe sai an fita ta tofar. Ta rubuta cewa duk lokacin da ƙofar gida ta yi ƙara sai Mama ta ɗago ta ce, "Auta ne?" Wannan layin sau uku tana goge shi tana mayarwa. Daga ƙarshe ta bar shi, ta ƙara abin da Mama ta faɗa ana saura kwana biyu ta rasu: "Kada wanda ya yi masa faɗa. Hanyar ce da nisa."

Shafi goma sha ɗaya. Ta duba kuskure, ta buɗe imel, ta rubuta "Ga amsar tambayarka," ta danna.

Da la'asar amsa ta zo: "Yaya, babu komai a ciki."

Ta manta ba ta liƙa fayil ɗin ba. Ta yi dariya ita kaɗai a falo har da hawaye, ta ce Allah ya sa manaja bai ji ba. Ta liƙa, ta sake turawa.

Sai shiru. Kullum da safe ta buɗe imel, babu komai sai tallace-tallace. Ta fara cewa a ranta da ta sani ta goge layin nan. Rana ta goma sha biyu saƙo ya shigo, da fayil a jikinsa. Takardarta ce ya dawo mata da ita, amma ya yi rubutu da shuɗin launi a tsakanin layukanta.

"Yaya, ƙofar gidan koriya ce, ni na taya Baba fenti."

"Rediyon nan ni na karya masa eriya, na ce kyanwa ce. Yau na faɗa."

Ta yi ta gangarawa tana neman wurin da take tsoro. A ƙarƙashin "Auta ne?" ya bar fili babba, sannan kalma huɗu: "Ina ma ni ne."

Ranar ba ta ci abincin rana ba. Washegari ta rubuta masa da baƙi a ƙarƙashin shuɗinsa cewa maganar da ta faɗa masa a waya ranar da aka binne Mama ba ta kyauta ba, kuma ƙofar dai ruwan toka ce, ya daina gardama da manya.

Tun daga nan takardar take kai da kawowa, yau shekara uku ke nan. Ta haura shafi ɗari da arba'in. Sun rubuta makarantarsu, da rijiyar da aka cike, da maƙwabcin da yake gyaran agogo. Shi kuma ya rubuta mata abin da bai taɓa faɗa ba: ɗakinsa na farko mai taga ɗaya, da yadda ya yi wata shida yana bin wata hanya mai nisa zuwa aiki don kawai akwai wata tsohuwa mai sayar da furanni da tafiyarta irin ta Mama ce.

'Yarta ta ce, "Umma, ku yi kiran bidiyo mana, wannan wahalar fa?" Suka gwada. Sakatariya ta ga kansa ya yi fari fat. Suka yi ta kallon juna suna tambayar lafiyar yara. Ba su sake ba.

Sau biyu yana sa ranar zuwa. Na farko aka yi wa matarsa tiyata, na biyu asibiti suka hana shi hutu. Ta riga ta sa an gyara ɗakin baƙi, an sake labule, yanzu ta hana jikoki wasa a ciki.

Bana idonta ya fara yin yana. Ba ta gaya masa ba, ta dai ƙara girman haruffanta don ta riƙa gani. Da takardar ta dawo, sai ta tarar shi ma ya ƙara girman nasa, tun daga shafin farko har na ƙarshe, bai tambaye ta komai ba. A can ƙasa ya rubuta cewa ya sake neman hutu, sun ce za su duba.