Yadda Gurasa Ta Fitar da Ni Kunya a Doha

Ana kiran assalatu muka bar Jakara, ni da maƙwabcina da ya kai ni filin jirgi a kan babur. A jakata akwai kaya kala uku, sai ƙunshin ƙuli-ƙuli da yaji da Inna ta daka wa ƙanena, wanda ya shekara biyu yana tuƙa wani Bature ɗan Ingila a Doha. Baturen ne ya nema min bizar ziyara ta mako biyu. Ni kuwa gurasa na gada, tun ina yaro nake taya Inna a bakin tanderu, kuma ban taɓa wuce Zariya ba.

Mun yada zango a Alƙahira, washegari da hantsi muka sauka. Ma'aikacin kwastan ya kwance ƙunshin yajin ya shinshina, ya jera atishawa uku, ya ce "Yalla, yalla," ya kore ni da hannu. Zafin garin kuwa, ni da nake taƙama da tanderu sai da na sara masa. Tituna sumul, ko'ina ka duba gini ake yi, kuma ƙanena ya rantse min fetur ya fi ruwan gora araha.

Gidan Baturen yana Ain Khaled, kuma abin da ya ɗaure min kai a cikinsa shi ne cimarsu. Ba daka, ba niƙa, ba jajjage. A sito, kusa da ɗakin ƙanena, akwai firiza wadda ƙato zai miƙe a ciki. An shaƙe ta da yankakken dankali, da kifi da aka yanka kamar yatsu, da kwalayen fiza 'yan ƙanana, kowacce ba ta wuce tafin hannu ba. Madam, wato matar gidan, sai ta ciro ta jefa a oba, wato tanderunsu na zamani, kafin ka yi alwala ka idar da salla an zauna ci. Da na ɗanɗana fizar, na ce wa ƙanena ai wannan gurasa ce da ta yi boko.

A mako na biyu masu gidan suka tafi Dubai kwana biyu. Za su dawo ranar Juma'a, ranar da 'yarsu za ta cika shekara bakwai, an kuma gayyaci yara da iyayensu da la'asar. Ni da ba na son zaman banza na share siton tas. Da zan fito, sai na yi abin da duk ɗan Kano mai hankali yake yi: na bi bango na kashe kowane makunni, kada a kawo wuta da ƙarfi ta ƙona wa mutane kaya. Ko kaɗan ban tuna cewa a garin nan ba a ɗauke wuta ba, balle a kawo ta.

Wari ne ya tashe mu ranar Juma'a da safe. Fizar bikin duka ta narke ta yi tsami. Ƙanena ya zauna daɓas a ƙasa ya dafe kai.

"Yaya, ka kashe ni. Ƙarshen watan nan ake sabunta kwantiragi. In suka ce khalas, wato shi ke nan, jirgi ɗaya za mu hau."

Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Aikin nan shi ke riƙe da gidanmu, ga shi na zo ziyara zan tsinke igiyar. Muka zaga manyan kantuna uku, duk a rufe sai bayan Juma'a, kuma ƙanena ya ce irin wannan fizar ba kullum ake samunta ba.

Da masu gidan suka iso, ban bari ƙanena ya buɗe baki ba. Na ce ya fassara wa Madam cewa ni na yi, ba shi ba, kuma ta ba ni kicin na awa uku. Fuskarta ta yi ja kamar gauta. Ta dubi agogo, ta dube ni, ta matsa daga bakin ƙofa.

Akwai fulawa da yis a gidan. Na kwaɓa na rufe, zafin Doha ya tayar min da ƙullin kafin mu sauko daga masallaci. Muka biya kasuwar Abu Hamour, inda wani ɗan Zongon Ghana ya ji Hausa a bakinmu, ya zaɓo mana tumatir da albasa masu kyau har da gyara. Na murza gurasa ƙanana daidai tafin hannu. Ta yara na shafa mata tumatir na barbaɗa cuku. Ta manya kuwa bandabanda na yi sosai, da garin ƙuli da mai da albasa da yajin Inna, bayan Madam ta tabbatar babu wanda gyaɗa ba ta karɓe shi ba.

Jama'a, ko ɓurɓushi bai rage ba! Yara suka cinye tasu suka dawo da faranti. Wani dattijon Bature yana hawaye saboda yaji, yana miƙo hannu a ƙara masa. Maigidan ya shigo kicin da kansa ya ba ni hannu. Washegari Madam ta sa na gasa mata guda hamsin, ta jera su a firiza. Hali zanen dutse.

Na dawo Kano ranar Talata da rana. Tafiyar nan ta koya min cewa wayon garinku wauta ne a garin wasu, amma sana'ar hannu ba ta buƙatar tafinta. Ina shiga gida, tun ban ajiye jaka ba, Inna ta tare ni.

"Yaya ka baro ɗan'uwanka? Yana nan a bakin aikinsa?"

"Daram, Inna. An ƙara masa shekara biyu."

Ta ɗaga hannu tana hamdala, tana sa min albarka wai na je da ƙafar alheri. Na sunkuyar da kai na ce amin.