Romon Barewar Inna

Lokacin da Inna take kwance a asibitin Soba, abinci ya daina shigarta. Kome na kai mata sai ta kau da kai. Abu ɗaya ta roƙa, romon barewa, irin wanda ta sha tun suna tsinkar auduga a gonakin Jazira ita da marigayi Baba.

Yayana ya bugi ƙirji. Direba ne, yakan kai masu hali farauta dajin gabas, kuma daga riƙe musu bindiga ya ɗauki kansa maharbi. Ya ce, "Kalas, an gama, Inna, ki ɗauka kin sha."

Sai aka buɗe zaman shawara. Kullum da la'asar wani abokinsa zai taso tun daga Omdurman, su baje tabarma a tsakar gidanmu da ke unguwar Hajj Yusuf, su zube harsasai a kan faifaina. Abokin ya ce ƙaramin harsashi ya fi, ba ya ɓata nama, ba ya dukan kafaɗa. Yaya ya ce ƙarami yaudara ne, dabba za ta gudu da shi a jiki ta je ta zama mushe inda ba mai yanka ta. Babba kuwa, wanda ake harbin ɓauna da shi, nan take yake kayarwa. Su auna wannan a tafin hannu, su shafa wancan, sai ka ce mata a shagon gwal. Ni kuma in dawo daga Soba da kwanon da ba a taɓa ba, in tsallake ƙafafunsu, har a sami bakin ce mini in ɗora shayi.

Ran nan na kasa haƙuri. Na ce, "Yaya, don Allah ko da danƙo ne ka harbo ta. Inna ƙarewa take yi."

Ya ce, "Ya bit, ke yarinya, wannan ba zancen mata ba ne."

Da ƙyar ya tafi, da harsashin ɓaunarsa. Ya dawo da rana tsaka, ya sauke buhu daga bayan mota, ƙudaje na biye. Da na kwance bakin buhun sai da na ja da baya. 'Yar dabba ce da ba ta kai akuya ba. Harsashin ya shiga ta ciki, ya dama hanji da kashi da gashi da tsoka wuri ɗaya, zafin hanya ya ƙarasa sauran. Kyanwar maƙwabta ta sansana ta yi gaba. Shi kuwa yana tsaye ya riƙe ƙugu yana cewa, "Kin gani? Ko motsi ba ta yi ba." Ban taɓa jin ƙyamar ɗan'uwana kamar ranar ba.

Na haƙa rami na binne ta. Na je wajen mahauci na sayo naman ɗan akuya, na dafa da citta da kanumfari har ya narke, muka ɗauka ni da Yaya zuwa Soba.

Inna ta kurɓa, ta sake kurɓa. Rabonta da haɗiye wani abu har na manta. Ta lalubo hannun Yaya ta riƙe, ta yi ta sa masa albarka, ta ce shi kaɗai ya tuna da kwaɗayinta. Na zuba masa ido ina jira ya sunkuyar da kai. Ina! Hannu ya sa a aljihu ya fito da kwanson harsashin ya ɗora mata a tafi, wai ta ji nauyinsa.

Inna ba ta kai ƙarshen watan ba. Ranar zaman makoki ina wanke kofuna a bayan labule, sai na jiyo muryarsa cikin maza yana ce wa abokinsa, "Ya zol, mutumina, gardama ta ƙare. Babba ya fi. Naman da na harbo da shi ne abin da uwata ta ci na ƙarshe a duniya."