Kiranyen da Muka Yi wa Gayya da Cingam

Shekarar da korona ta kulle duniya ina hawa na goma sha bakwai a wani dogon bene da ake kira kondo a Danau Kota, cikin Kuala Lumpur, ni da maigidana da tukwanena. Sana'ata abinci: tuwon shinkafa, miyar kuka, dambu, ranar Juma'a kuma masa. Ɗalibanmu 'yan Najeriya na Wangsa Maju da Taman Melati su ne masu saye. Kafin annoba sukan cika min falo su ci su yi gardamar ƙwallo har in kore su. Da aka hana fita sai kowa ya koma tapau, wato a ƙunsa maka ka ci a gida, in zuba a roba in sauka a lif da takunkumi a fuska, mai babur ya karɓa ya wuce. Kafin la'asar na gama komai. Sai in zauna bakin taga da waya a hannu, ina hango jirgin ƙasa na LRT can nesa yana tafiya kusan fanko. Daidai lokacin ne mutanen garinmu ke tashi, don mun riga su da awa bakwai.

A irin wannan zama Inna ta kira ta ce ƙanwata ta sauka, namiji, lafiya lau. Har na fara guɗa, sai na ji muryarta ba ta saki ba. Da na matsa mata ta ce a bayan a-kori-kura aka haihu, a hanyar birni, gaban shingen jami'an tsaro masu hana fita, mata biyu sun tare ta da zannuwansu. Ban ma tambayi asibitin garinmu ba, don na san labarinsa. Ɗan majalisar jiharmu ne ya sa aka kware rufin tun kafin annoba, wai za a yi sabo. Aka kwashe kwano, aka ɗauki hoto, aka tafi. Damina ta shiga ɗakin haihuwa, awaki suka bi bayanta. Kuma har da ƙuri'ata a cikin waɗanda suka kai mutumin nan majalisa, don ina gida lokacin zaɓe.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi ba. Na shiga guruf ɗin 'yan garinmu na zazzage abin da ke cikina, ban rage komai ba. A nan tsohon hedimastanmu na firamare, wanda ya yi ritaya, ya ce zagi ba ya mayar da rufi, amma doka ta ba mu kiranye. Idan fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓa suka sa hannu cewa ba sa son wakilinsu, sai hukumar zaɓe ta zo ta tantance hannayen, daga nan a kaɗa ƙuri'a a dawo da shi gida. Wallahi da na karanta wannan sai da na miƙe tsaye. Ashe wanda ka aika kana iya cewa ya dawo. Na yi ta zagaye falo ina maimaita kalmar, maigidana yana bi na da ido.

Katina na zaɓe yana cikin akwati a Kuala Lumpur, filin jirgi a rufe, don haka hannuna ba zai hau takardar ba. Baki kawai gare ni, shi kuwa Allah ya hore min.

Makonnin farko abu ya tafi kamar wasa, sai kuma ya tsaya cak. Hedimasta ya ce an ƙure masu sa hannu, kuma da sauran tafiya mai nisa. Na kira shi.

"Malam, a ina kuka ajiye teburin sa hannun?"

"Ɗaya a ƙofar masallacin Juma'a, ɗaya wajen mai shayi na bakin tasha."

"To Malam, ranar zaɓe su wa ke cika layi tun da sanyin safiya, da goyo a baya?"

Ya ce, "Mata."

"Wace matar aure ce a garinmu za ta ratsa majalisar mai shayi ta ce a miƙo mata biro?"

Ya yi dariya ya ce shekara talatin yana koyarwa, yau ɗalibar da ya fi zanewa saboda surutu ta ba shi darasi. Ni kuwa kaina ya riga ya yi nisa. Akwai mai kitson unguwarmu, ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata, babu gidan da ba ta shiga, kuma ko a kulle aikinta bai tsaya ba, don kai ba ya jiran a buɗe gari. Na kira ta na yi mata bayani. Ta ce, "'Yar nan, ni na riƙe wa ƙanwarki zani a kan titi. Turo takardun." Ta jawo wasu masu kitso uku da ungozoma ɗaya. Fom da tawadar dangwale suka shiga jaka ƙarƙashin tsinken kitso da man kai.

Ni aikina murya. Kullum da na sauke tukunya sai in ɗauki saƙo a waya in tura mata, ita kuma ta kunna wa matar da ke zaune tsakanin ƙafafunta. Mace a hannun mai kitso ba ta da wurin gudu, dole ta saurara har ƙarshe. Ba na kawo musu maganar jam'iyya. Ina tambayarsu ne kawai, wadda ke da ciki a gidan nan, in naƙuda ta zo mata a ina za ta durƙusa? Hotunan takardu suka fara shigo min, dangwale bayan dangwale, shafi bayan shafi. In buɗe ɗaya in yi tsalle, in buɗe na biyu in rungume maigidana yana tsakiyar waya da kwastoma. Sau biyu miya ta kama min a gindin tukunya. Wani ɗalibi ya aiko cewa, "Anti, yau kukar nan ta sha hayaƙi lah," yadda 'yan ƙasar ke ƙarasa magana. Na ce ya ci haka nan, ƙasa muke gyarawa.

Tawadar ba ta fita da wuri, kuma ba kowace mace ke so mijinta ya ga babban yatsanta shuɗi ba. Mai kitso ta samo dabara, tana gama dangwale sai ta ƙunsa wa mace lalle a kan yatsun. Cikin wata guda matan garinmu suka yi jajawur da ƙunshi, babu biki babu Sallah. Maza suna ta yaba kwalliya. Ranar da ƙanwata ta turo min hoton hannun Inna da sabon lalle, na gane abin da ke ƙarƙashinsa, na zauna a ƙasan kicin ina dariya har da hawaye.

Abin da na ƙi tsayawa in duba shi ne Baba. Shi ne ya kama hannun ɗan majalisar nan lokacin yana neman kujera, ya bi da shi zaure-zaure yana cewa, "Na tsaya masa." A garinmu in Baba ya tsaya wa mutum an gama magana, kuma da wannan yake taƙama, don bai tara komai ba sai ita. Wata rana wani maƙwabci ya ƙwace wayar matarsa, ya zo har zauren Baba ya kunna muryata a gaban dattawa. Ranar Baba ya kira ni da kansa.

"Muryarki ce na ji?"

"Tawa ce, Baba."

"Ni na ce wa mutane na tsaya wa mutumin nan. Yanzu 'yar cikina ce ke bi gida-gida tana warware maganata. Ki cire hannunki."

"Baba, jikanka a kan titi aka haife shi."

"Na sani, ba ke za ki gaya min ba. Ana zuwa a same shi a yi masa magana, ba a yi masa terere ba. Ki cire hannunki, ko ki daina kirana."

Da na yi shiru a nan da wataƙila an wuce wurin. Amma bakin nan nawa ya ce, "An yi masa magana sau nawa, Baba?" Ya kashe wayar.

Daga ranar bai ƙara ɗauka ba. Kullum ƙarfe ɗaya na rana, lokacin da na san ya dawo daga asuba yana zaune kan buzunsa, sai in kira. Ta yi ta ringin har ta tsinke. Kuma a watannin nan babu ranar da ba a sa ta'aziyyar wani dattijo a guruf, sa'anninsa, abokan zaurensa. Tsoro ya kama ni sosai. Ina tsoron ranar da zan buɗe waya in ga hotonsa, alhali kalmar ƙarshe tsakanina da shi gardama ce, kuma ko jirgin da zai kai ni in roƙi gafara babu. Maigidana ya ce in haƙura in janye. Na ɗauki waya zan gaya wa mai kitso na fasa, sai na tarar ta turo sababbin shafuka, na ajiye wayar ban janye ba.

Hannaye suka cika, aka kai wa hukuma, bayan an sassauta kulle aka sa ranar tantancewa. Murna a guruf ba a magana. Sai hedimasta ya kwantar da mu, ya ce duk wanda ya sa hannu dole ya zo rumfar zaɓensa da ƙafarsa, da katinsa, ya ce e, ni ne. Wannan karon babu lallen da zai rufe.

Kwana biyu ina juya abin, sai na tuna yadda muke gayyar biki. Ba kati muke bugawa ba. Cingam ko alawa ake kaiwa gida-gida, a damƙa wa mace a hannu a ce ta wance ce, rana kaza. In kin karɓa kin tauna, to ko da rarrafe sai kin je, in ba haka ba ranar naki bikin ki zauna ke kaɗai. Na ce wa ƙanwata ta sayo cingam, a raba wa duk wadda ta dangwala, a ce gayyarta ce, ita da ta haifi ɗa a kan titi ba a yi taron suna ba. Ga ranar, ga wurin. Mai kitso ta ce tun da take ba ta taɓa rabon cingam ɗin da aka karɓa da hannu biyu kamar wannan ba. Na Inna, ƙanwata ta ajiye mata shi a kan faifai a tsakar gida, Baba yana alwala yana gani.

Ranar tantancewa ban ɗora tukunya ba, na ce wa ɗalibai kowa ya nemi mamak, masu shagon abinci na bakin titi. Ƙarfe huɗu na yamma a wurinmu ƙanwata ta kira ni ta bidiyo daga firamaren da ke ƙarshen gari. Ina ganin allon na saki ihu. Mata ne, layi har bayan katanga, kuma wai ashe tunda gayyar biki aka yi musu, shigar biki suka yi. Atamfa, leshi, ɗaurin ture-ka-ga-tsiya, takunkumi a fuska, kati a hannu. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, layi ya ɗauka, ni ma na ɗauka daga hawa na goma sha bakwai, har maigidana ya rufe taga yana cewa in tausaya wa maƙwabta. A tsallaken titi mutanen ɗan majalisa sun jera benci suna kallon duk wanda ya shiga, ɗaya yana rubutu.

Ina ta neman Inna a layi ban gan ta ba. Gwiwoyinta sun daɗe da lalacewa, makarantar kuma da nisa. Na riga na ce a raina ba za ta zo ba, sai ƙanwata ta daina magana ta juya wayar. Tsohon babur ɗin Baba ne ke tahowa a hankali, Inna a baya ta riƙe gefen rigarsa. Ya tsaya a bakin ƙofa, gaban masu benci, ya kama hannunta ya sauke ta. Bai shiga ba, sunansa ba ya cikin takardar. Ya jingina da katanga ya harɗe hannu, ya jira ta har ta fito. Mai rubutun nan ya daɗe yana kallonsa kafin ya sunkuya kan littafinsa.

Ba mu ci ba. Mata sun fito, amma da yawa daga mazan da suka sa hannu a teburin mai shayi suka hango benci suka tuna suna da aiki a gona. Adadi bai kai ba, ɗan majalisa ya ci gaba da zama a kujerarsa, asibiti kuma ya sake shan wata daminar a buɗe. Na ji haushi ƙwarai, har yanzu in na tuna mazan nan sai na yi tsaki.

Washegarin tantancewar ƙarfe ɗaya na kira kamar kullum, ban sa rai ba. A ringin na uku aka ɗauka. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Na fara cewa na gode, ya katse ni.

"Kada ki gode min. Matata na kai, ƙafarta ba ta da lafiya. Jiya da magariba babu wanda ya matsa ya ba ni wuri a sahu, kuma ni zan ci gaba da haɗuwa da su kullum, ke kina can saman bene kina aiko da murya."

"Ka yafe min, Baba."

Na ji ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"In an buɗe hanya ki taho gida. In za ki sake irin wannan, ki zo ki tsaya a layin da ƙafarki, in gan ki."