Karyata Ta Lashe Shaidar

"Malam, ina ragowar manjana?" matata ta tambaye ni ina tsugune gaban 'yan kwikwiyo.

Karyata ce ta haifi huɗu, farare, kamarsu ɗaya. Yadda Wagini ta koma yanzu, kowa na son mai haushi a ƙofar gida. Tun ba su buɗe ido ba maƙwabta suka zaɓe.

Gudun rigima na ɗiga musu manja: wannan a goshi, wancan a kunne, ɗaya ƙafa, ɗaya wutsiya.

Kafin in juya uwar ta lashe su tas.

Na faɗa wa matata gaskiya. Ta riƙe haɓa: "Mu muna shan miya lami, karya na lasar manja?"

Yanzu ga maƙwabta huɗu a zaure, kowa ya rantse mai ƙibar ne nasa. Jama'a, wa zan ba?